Maki Shida da Suka Ɓata Tsakanin Yatsa da Jini

Kafin annobar korona, in ba ma'aikacin ɗakin tiyata ba, da wuya ka sami wanda ya san ɗan maƙalen nan da ake dantse wa majinyaci yatsa da shi. Yanzu kuwa har a kemis ana sayar da shi, wasu magidanta ma suna ajiye nasu a gida kusa da na'urar awon hawan jini. Malaman asibiti suna ce masa oksimita. Ka sa yatsa, ka ɗan jira, lambobi biyu su fito: ɗaya bugun zuciya, ɗaya kuma kason jinin da ke ɗauke da iskar oksijin. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. In lambar yaro ta sauka ƙasa da 90, a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sai a sa masa iska, kuma kusan a nan ake ja wa manya layi su ma. Babu allura, babu ɗibar jini, babu zuwa lab. Shi ya sa aka yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Wata ƙanwata, 'yar kawuna, da ta yi karatun kiwon lafiyar al'umma a Kankiya, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Kafinsoli, ita ta zo mini da maganar da ta hana ni sakat. A tsakiyar hunturu aka kawo musu wani dattijo manomi a kan babur, an sa shi a tsakiya, ɗansa na tallafe da shi ta baya. Ya kwana biyu yana tari da zazzaɓi, numfashi sama-sama. Ta ce in ya ja numfashi har ramin wuyansa yake lotsawa, kuma ba ya iya kai ƙarshen amsa gaisuwa sai ya tsaya ya huta. Ta sa masa oksimita, ta nuna 93. Ta canja yatsa, 94. Ta murza masa hannu, ta sake, 93.

"Yaya, a lamba wannan ba na gaggawa ba ne," in ji ta. "Amma idona bai yarda ba. Na ce da ɗan nasa, ku ɗauki Baba ku wuce birni yanzu-yanzu, kada ku biya ta gida."

A babban asibitin da suka je aka ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannu, wadda ke harbawa, aka sa a injin da ke auna jinin kai tsaye. A daidai lokacin yatsansa na cikin na'urar gefen gado, babbar nan mai allo. Allo ya ce 93. Jini ya ce 87. Aka sa masa iska, aka yi masa maganin ciwon haƙarƙari, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan ya dawo yi mata godiya da takardar sakamakon a aljihu, a nan ta ga lambobin biyu.

"To Yaya, ina maki shidan suka shige? Da tawa kaɗai ce ta yi kuskure sai in ce ta lalace. Amma na'ura biyu su faɗi abu ɗaya, jini ya ƙaryata su? Da walakin, goro a miya."

Maki shida ba su da yawa a jarrabawa. A jini kuwa, tsakanin 93 da 87 ne layin nan na 90 ya ratsa. A sama da shi ana ba mutum magani ya tafi gida, a ƙasa da shi ana kwantar da shi. Ga shi kuma daga wajen 90 abin gangara ne: huhu ya ɗan ƙara gazawa kaɗan, lambar sai ta rufto.

Wanda za a fara tuhuma shi ne kayan jabu, kuma ba a zalunce shi ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, Michael Lipnick da abokan aikinsa, sun gwada ƙananan oksimita masu araha guda 6, irin waɗanda ake saye ba tare da sun bi ta hannun hukumar kula da magunguna ta Amurka ba. Guda 2 kaɗai suka cika sharaɗin daidaito. Sai dai a namu labarin babbar na'urar asibitin birni, mai tsada, ita ma 93 ta ce. Jabu ya fita.

Na biyu lalle. Duk malamar asibitin da ta taɓa karɓar amarya ko mai jego ta san wannan rigimar. An yi gwaji a kansa a Saudiyya tun shekarun 1990: jan lalle bai cika hana na'urar aiki ba, baƙin ƙunshi irin na dayis shi ne mai tare haske. Baƙin jan farce, da shuɗi da kore, su ma an daɗe da sanin suna ɓata awo. Wasu dattawanmu suna sa lalle a gemu, wani lokaci har ya taɓa farce, don haka na tambaya. Ta ce hannun manomi ne kawai, kaushi da kanta, ba lalle. Ko da ma akwai, waɗannan abubuwa yawanci ƙasa suke jan lamba, ko su hana ta fitowa gaba ɗaya. Mu kuwa mai ɗaga ta sama muke nema.

Na uku sanyi. An taho da mutum a kan babur cikin iskar hunturu, jijiyoyin yatsa sun tsuke, jinin da ke kaiwa can ya ragu. A irin wannan hali na'urar takan yi ta ƙiftawa, ta kawo lamba ta ɗauke, ko ta nuna layi kawai. Tata kuwa ta tsaya cak a kan 93 da 94. Mu ba da belin sanyi, amma kada ya yi nisa.

Na huɗu shi ne wanda biri ya yi kama da mutum. Da hunturu ana shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, wasu kuma janareta ke kwana yana aiki a bakin ƙofarsu. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Tana manne wa himogulobin, wato jan sinadarin da ke dakon oksijin a jini, da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Babbar masifar ita ce jinin da ya sha wannan iska ja ne wur, kuma a idon oksimita ba shi da bambanci da jinin da ya ƙoshi da oksijin. Mutum na mutuwa, allo na nuna 98. Wannan darasi ne da ya kamata a rubuta a bangon kowane asibitin karkara: wanda aka ɗauko daga ɗakin da aka kwana da wuta, yana ciwon kai da jiri da amai, ba a sallamarsa don lambar yatsa ta yi kyau. Na so a ce nan maganar ta tsaya, don amsa ce mai tsafta. Amma injin da ya auna jinin yana fitar da layi na musamman a kan wannan iska, kuma a takardar layin bai nuna komai na tashin hankali ba. Iyalin ma sun ce saboda tarin sun hana shigar masa da kasko.

Ƙarancin jini ma ba shi ba ne. Na'urar kaso take faɗa na himogulobin ɗin da ke akwai, ko da yawa ko kaɗan, injin jini ma haka. Ba zai raba su ba.

Da waɗanda ake tuhuma na waje suka ƙare, sai a leƙa cikin na'urar. Wanda ya yi yarinta a inda ake kwana da tocila ya san wasan nan: ka kife kan tocila da yatsunka cikin duhu, sai ka ga sun yi jajir, har ka hangi inuwar gaɓoɓi. Jan haske yana ratsa nama. Buɗe bakin oksimita ka duba, za ka ga ɗan jan ƙwai yana ci a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma wani ɗan ido mai karɓar haske. A kusa da jan akwai ƙwai na biyu da idonka ba zai ga haskensa ba, na infared. Kowane launi yana da lambarsa da ake aunawa da nanomita: jan yana wajen 660, ɗayan wajen 940. Suna kunnuwa suna mutuwa bi da bi, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Jinin da ya rasa oksijin yana shanye jan haske kusan ninki goma a kan jinin da ya ƙoshi, shi ya sa yake yin duhu. A infared kuwa abin ya juya, wanda ya ƙoshi ne ya ɗan fi sha. Ka gwama biyun, ka san halin da jini yake ciki.

To amma a yatsa ba jini kaɗai ba ne. Akwai farce, fata, ƙashi, kitse, da jinin da ke komawa zuciya. Yaya ake ware su? Mutumin da ya warware wannan injiniyan lantarki ne ɗan Japan, Takuo Aoyagi. An haife shi a 1936 a yankin Niigata, ya gama jami'ar Niigata a 1958, ya yi aiki a kamfanin Shimadzu, a 1971 ya koma Nihon Kohden a Tokyo. Ba oksijin ya fita nema ba. So yake ya auna yawan jinin da zuciya ke turawa, ta hanyar zuba wani rini a jijiya, a haska kunne a ga wucewarsa. Bugun zuciya ya dame shi: duk bugu sai jini ya cika ƙananan jijiyoyin kunnen, haske ya ragu, layin da yake son gani sumul ya riƙa rawa. Ya yi dabarar share rawar da launi biyu. Ta sharu, amma ya lura duk lokacin da oksijin ɗin jini ya sauya sai ta dawo. A 1972 ke nan. Ashe abin da yake ta faman sharewa shi ne yake ɗauke da labarin.

Dabarar irin ta mai sayar da zuma ce: ya ɗora kwano ba komai a sikeli, ya zuba zuma ya sake ɗorawa, ya cire nauyin kwano. Fata da ƙashi da farce ba sa kumbura da bugun zuciya, su ne kwanon. Jinin jijiya mai harbawa shi kaɗai ke ƙaruwa ya ragu. Na'ura ta ɗauki abin da ke motsi, ta raba shi da abin da ke tsaye, a ja da kuma a infared, sannan ta raba sakamakon biyun. A takarda, launin fata ya fita daga lissafi tas.

Ba a yi wa Aoyagi adalci da wuri ba. Kamfaninsa ya fitar da na'urar kunne a 1975, sannan aka ɗauke shi daga aikin aka kai shi wani sashe na kusan shekara goma. Minolta ta fitar da ta yatsa a 1977, kamfanin Nellcor na Amurka ya cika ɗakunan tiyata da tasa a farkon shekarun 1980. Sai a 1987 wani malamin jami'a Ba'amurke, John Severinghaus, ya bi sawu har Japan ya sanar da duniya wanda ya ƙago abin. Aoyagi bai sami digirin dakta ba sai 1993, yana da shekara 57. Ya rasu a Afrilun 2020, daidai watannin da duniya ke wawason na'urarsa.

Ke nan fata ma ta kuɓuta? Haka aka koyar shekara da shekaru. Amma akwai matakin da ba a cika faɗa ba. Abin da na'urar ke samu bayan duk wannan rabe-rabe ba 93 ba ne. Wata 'yar lamba ce kawai, wajen 0.5 in jini ya ƙoshi, wajen 1 in ya sauka kusan kashi 85. Lissafin kimiyya zalla ba ya iya mayar da ita kaso, domin haske ba ya tafiya miƙe a cikin nama, watsuwa yake yana karo da ƙwayoyin jini. Saboda haka kowane kamfani sai ya cusa wa na'urarsa jadawali: in ka ga lamba kaza, ka ce kashi kaza. Jadawalin kuwa daga jikin mutane ake samo shi.

Ga yadda ake yi a ɗakin binciken da Severinghaus ya kafa a San Faransisko a 1958, wanda har yau kamfanoni ke kai masa na'urorinsu. Ana samun matashi mai ƙoshin lafiya da ya yarda, a kishingiɗar da shi, a sa masa siririn bututu a jijiyar wuyan hannu, a toshe masa hanci, a ba shi abin shaƙa a baki, a jera masa na'urori a yatsu. Sai a riƙa rage masa oksijin a iskar da yake shaƙa, mataki-mataki, har jininsa ya sauka wajen kashi 70. A kowane mataki a tsaya, a zuƙi jini, a auna, a rubuta abin da jini ya ce kusa da abin da yatsa ya ce. Ba a sauka can ƙasa sosai don kada a cutar da shi. Wannan shi ne asalin lambar da ƙanwata ta gani. Na'urar ba ta auna dattijon nan shi kaɗai ba, ta kwatanta shi ne da waɗanda suka kishingiɗa a irin wancan ɗaki.

Su wane ne suka kishingiɗa? Ƙa'idar da hukumar FDA ta Amurka ta fitar a 2013 ta ce aƙalla mutum 10, a cikinsu a sami masu duhun fata 2, ko kashi 15 cikin ɗari, duk wanda ya fi yawa. Mutum 2, kuma ba a fayyace iyakar duhun ba. Kafin wannan shekara ko wannan adadin ba a gindaya ba.

Daga nan bakin zaren ya fito, kuma abin takaici, ya daɗe a fili. A 1990 likitoci biyu a Amurka, Amal Jubran da Martin Tobin, sun duba majinyata 54 da ke kan injin numfashi. Suka ga in yatsan Bature ya nuna 92, jininsa lafiya lau, amma baƙar fata sai yatsansa ya kai 95 kafin a sami wannan kwanciyar hankali. Aka buga a mujallar Chest, aka ajiye. A 2005 Philip Bickler da John Feiner da shi Severinghaus ɗin suka gwada masu duhun fata 11 da masu haske 10, suka ga na'urorin suna ƙara wa masu duhu maki, kuma ƙarin yana girma ne yayin da oksijin ke raguwa. Wato lokacin da mutum ya fi buƙatar gaskiya, a lokacin ne na'urar ta fi yi masa daɗin baki. Wannan ma aka buga, aka ajiye.

Sai korona ta zo. A Agustan 2020 wata malamar nazarin al'umma a jami'ar MIT, Amy Moran-Thomas, wadda mijinta ya kamu har ta riƙa bin lambar yatsansa a gida, ta tono waɗannan tsofaffin takardu ta yi rubutu a kansu a mujallar Boston Review. Ba likita ba ce, ba injiniya ba, kuma ina ganin hakan ne ya sa ta yi tambayar da masu sana'ar suka daina yi. Bayan wata huɗu, a Disambar 2020, Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Mishigan suka buga gajeren rahoto a mujallar New England Journal of Medicine. Sun tattara awon yatsa da awon jini da aka yi wa mutum ɗaya cikin minti 10, guda 10,789. Suka tambaya: a cikin waɗanda yatsa ya ce 92 zuwa 96, nawa ne jininsu yake ƙasa da 88? A Turawa kashi 3.6 cikin ɗari. A baƙaƙen fata kashi 11.7. Da suka faɗaɗa zuwa bayanan asibitoci 178, sai ya zama 6.2 da 17. Kusan ninki uku. Duba ma'aunin da suka ɗauka, yatsa 92 zuwa 96, jini ƙasa da 88, ka duba takardar dattijon Kafinsoli. A tsakiyar wannan rami ya faɗa.

Mai karatu mai kaifin basira zai ɗaga hannunsa ya duba ya ce: ai tafin yatsana ba baƙi ba ne, ƙarƙashin farce ma haka. Gaskiya ne, kuma yana cikin dalilan da suka sa a yawancin mutane kuskuren maki ɗaya zuwa uku ne kawai, ba goma ba. Amma sinadarin melanin, mai ba fata duhu, bai ƙaurace wa wurin gaba ɗaya ba, kuma hasken da ya watsu yana bi ta gefen yatsa da bayansa. Tambayar da ta rage ita ce: in dabarar Aoyagi tana cire nauyin kwano, ta yaya melanin ya sake kutsowa?

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda masana haske biyu na cibiyar Mount Sinai a New York, Mark Rea da Andrew Bierman, suka bayar a 2023. Jan ƙwan nan da ake ce wa 660 ba 660 zalla yake fitarwa ba. Yana fitar da ɗan ƙasa da haka da ɗan sama da haka, duk a haɗe. Melanin kuwa ya fi shanye ɓangaren ƙasan. Saboda haka hasken da ya tsira daga fata mai duhu ya riga ya karkata zuwa sama, ba shi ne ainihin launin da jadawali ya sani ba. A daidai wannan yanki kuma, da ka ɗan matsa sama, shan hasken da jini marar oksijin ke yi yana raguwa da sauri. Sai jinin da ya yi duhu ya bayyana ga na'ura kamar bai kai haka duhu ba, ta ƙara masa maki. In jini ya ƙoshi, babu marar oksijin da yawa da za a raina, kuskure ya yi ƙanƙanta. In ya fara rasa iska, kuskure ya girma. Abin da aka gani a 2005 ke nan daidai. Wasu masana suna ƙarawa da yadda fata ke sauya hanyar da haske ke bi a cikin yatsa, kuma muhawarar rabon laifin tana ci gaba. Amma a taƙaice, fata ba nauyi kaɗai ta ƙara wa kwano ba da za a cire, sikelin kansa ta taɓa.

Yanzu a dawo da sanyi daga beli. Ɗakin binciken San Faransisko ya buga wani sakamako a 2024 da ya nuna cewa haɗarin ɓoyewar ƙarancin oksijin ya fi tsanani in abu biyu suka haɗu: fata mai duhu da yatsan da jini bai cika kaiwa gare shi ba. Fata ta rage hasken, sanyi ya rage bugun da ake nema a cikinsa, na'ura ta dage sai ta ba da lamba daga ɗan abin da ya rage. Dattijo, manomi da rana ta daɗe tana dukan hannunsa, a kan babur cikin hunturu, ga zazzaɓi da rashin ruwa a jiki. Maki shidan ba wuri ɗaya suka shige ba. Wasu fata ta ci, wasu sanyi, ragowar kuma ɗan kuskuren da ƙa'ida ta yafe wa kowace na'ura, wanda shi kansa yakan kai maki 2 ko 3.

Kada wani ya ji wannan ya jefar da oksimita. Wannan zai fi ɓarna nesa ba kusa ba. A 2018 ciwon haƙarƙari ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kusan 162,000 a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma da yawansu ba a taɓa sa musu na'urar ba ko sau ɗaya. Aikin da Farfesa Adegoke Falade na Ibadan ya yi da Hamish Graham da Ayobami Bakare a asibitoci 12 na kudu maso yamma ya nuna cewa da aka koya wa ma'aikatan jinya auna kowane yaro, yaran da ke buƙatar iska sun fi samun ta. Idon malami kaɗai yana kuskuren da ya fi na na'ura, musamman a fatarmu da shuɗin leɓe ba ya fitowa sosai. Abin da ya sauya shi ne yadda ake karanta lambar. In ta ce 85, ka yarda da ita ka yi sauri. In ta ce 93 alhali ƙirji na faɗawa, numfashi na gudu, mutum ba ya iya gama magana, to ba ita ce alƙali ba. A ɗumama hannu, a jira lambar ta tsaya, a ƙirga numfashi da agogo, a sake aunawa bayan ɗan lokaci a ga ko sauka take yi.

Inda abin zai ƙara nauyi shi ne gaba. Tun 2000 aka amince da mutum-mutumin tiyata na da Vinci a Amurka, inda likita ke zaune a gefe, kansa a cikin allo, majinyaci kuma a lulluɓe, mai ba da maganin barci yana sa ido a kan lambobi. Akwai kuma injinan numfashi na jariran bakwaini da suke ƙara iska su rage da kansu, suna bin abin da oksimita ta faɗa musu daƙiƙa bayan daƙiƙa. Irin wannan inji ba shi da idon da zai ƙi yarda da lamba. Duk ƙwarewar hannunsa, iyakar saninsa ita ce abin da na'urar ji ta kawo masa. Matasanmu da ke sha'awar fannin mutum-mutumi sun fi ɗokin hannun ƙarfen da ke motsi, don shi ake gani a bidiyo. A ganina wurin da ya fi buƙatar mutum shi ne ɗan jan ƙwan nan.

Masu gyaran suna nan suna yi. Valencia Koomson, malamar injiniyan lantarki a Jami'ar Tufts, tana ƙera na'urar da za ta fara gane fatar mutum sannan ta daidaita haskenta. A Jami'ar Brown, Kimani Toussaint da ɗalibarsa Rutendo Jakachira, 'yar Zimbabuwe, sun soma gwada sarrafa yanayin hasken kansa don melanin ya daina tasiri. Ba ma sabon tunani ba ne: a shekarun 1970 kamfanin Hewlett-Packard yana da na'urar kunne mai launi 8, sai nauyinta da tsadarta suka sa mai launi biyu ta kore ta daga kasuwa.

Ka lura da hanyoyin da waɗannan mutane suka biyo: injiniyan lantarki, fiziks, likitanci, har da nazarin al'umma. Ɗan Kankiya ko Kusada da ke karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko mekatironiks a Jami'ar Bayero ta Kano, ko fiziks a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma, yana kan hanyar, ko da babu kalmar likitanci a takardarsa. Kuma rahoton Mishigan da ya girgiza duniya ba da sabon inji aka yi shi ba. Tsofaffin bayanan asibiti aka tono, lamba biyu-biyu da lokacin da aka ɗauke su. Duk asibitin koyarwa da ke ɗibar jinin jijiya yana samar da irin waɗannan lambobi kullum, sai dai a wajenmu yawanci a fayil ɗin takarda suke ƙarewa. Wanda ya nemi izinin kwamitin ɗa'a, ya zauna ya haɗa su, ya auna launin fatar kowane majinyaci da na'ura maimakon ya rubuta "baƙi" kawai, ya sami aikin digiri na uku da ake nema ruwa a jallo. Auna launin yana da muhimmanci, don a kasuwar Kankiya kaɗai za ka ga farin Bafulatani da wankan tarwaɗa da baƙi wuluk, alhali a rahoton Mishigan rukuni biyu kawai aka yi, Bature da baƙar fata.

Hukumomi sun fara motsi. Birtaniya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Margaret Whitehead, ya fitar da rahotonsa a Maris 2024 yana tabbatar da matsalar. A Janairun 2025 FDA ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida: a gwada na'ura a kan mutum 150 ko fiye, a tantance fatarsu da ma'aunin launi 10 da Ellis Monk na Jami'ar Harvard ya tsara, a kuma tabbata aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu sun fito daga rukunin da ya fi duhu. Daga mutum 2 an koma wajen 38. Sai dai sababbin na'urori daftarin ya fi shafa. Waɗanda tuni suke aljihun malaman asibiti da tsohon jadawali za su ci gaba da aiki har su mutu, balle waɗanda ake shigo da su a kwali ba su taɓa bi ta hannun wata hukuma ba.